Kiɗan Tudun Misisifi: Sharhi a kan Junior Kimbrough da Ƙungiyarsa ta Soul Blues Boys

1. Gabatarwa

Kiɗan buluz, watau kiɗan nan na baƙar fatar kudancin Amurka, ya sami manazarta masu yawa, amma galibinsu sun fi mai da hankali a kan wurare biyu: fadamar kogin Misisifi da ake kira Delta, da kuma birnin Shikago, inda mutanen fadamar suka yi ƙaura suka haɗa kiɗansu da lantarki. Daga waɗannan wurare biyu ne aka tsamo ƙa'idojin da ake koya wa ɗalibai a matsayin ma'aunin buluz baki ɗaya. To, amma akwai wani yanki na uku a gabas da fadamar, ƙasar tudu da jigawa ta arewacin jihar Misisifi, wadda kiɗanta bai bin waɗannan ƙa'idoji. Da yake bai bin su, an daɗe ana ɗaukarsa a matsayin kiɗan waɗanda ba su gama koyo ba.

A wannan maƙala za mu dubi ƙungiya ɗaya daga cikin makaɗan wannan yanki, watau Soul Blues Boys ta marigayi David Kimbrough, wanda aka fi sani da Junior Kimbrough, musamman kamar yadda aka ji ta a faifanta na 1992 mai suna All Night Long. Abin da muke son nunawa shi ne cewa fasahar wannan ƙungiya tana cikin maimaici ne da yadda makaɗa uku ke riƙe da gindi ɗaya tsawon lokaci, kuma duk wanda ya auna ta da yawan kalmomi ko yawan sauye-sauyen sauti zai dawo da kwano fanko, ya ɗora laifin a kan makaɗan alhali ma'auninsa ne bai dace ba. Wannan batu ya shafe mu, mu masu nazarin waƙar baka, domin mu ma mun saba da mayar da waƙa kan takarda mu yanke mata hukunci daga nan. Daga baya kuma za mu taɓo zancen da ake yawan yi na cewa wannan kiɗa daga ƙasashenmu ya samo asali, mu ga iyakar abin da hujja za ta iya ɗauka.

2. Ƙasar da Kiɗanta

Fadamar Delta shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce mai albarka tsakanin kogin Misisifi da na Yazoo, kuma manyan gandayen auduga na Turawa su suka mamaye ta. Ƙasar tudu, wadda ta haɗa da gundumomin Marshall da Tate da Panola da Benton, ba ta da wannan albarka. Ƙasarta ja ce, zaizaya ta ci ta, gonakinta ƙanana, kuma an sami baƙar fata da dama da suka mallaki 'yan filayensu suka zauna a kai kaka da kakanni. Wannan zama na dindindin, tare da nisa daga hanyoyin kasuwancin faifai, shi ya sa wasu tsofaffin kaɗe-kaɗe suka wanzu a nan bayan sun ɓace a wasu wurare.

Babba daga cikinsu shi ne kiɗan sarewa da ganguna. Mutum ɗaya ke busa sarewar gora da ya huda da kansa, biyu ko uku na bin sa da ganguna, suna zagaya fili cikin taron jama'a a bukukuwan ƙarshen damina inda ake gasa akuya. Alan Lomax, mai tattara waƙoƙin gargajiya, ya ɗauki kiɗan Sid Hemphill a 1942, kuma Otha Turner ya riƙe wannan al'ada a kusa da garin Senatobia har rasuwarsa a 2003, jikarsa Sharde Thomas ta gaje shi. A irin wannan kiɗa babu wani sauyin sauti da ake jira. Sarewa takan kawo ɗan gajeren rauji ta yi ta juya shi, ganguna kuwa su ke ɗauke da nauyin rawa.

Lokacin da jita ta shigo hannun mutanen wannan yanki, sai suka kaɗa ta da tunanin mai ganga. Fred McDowell, wanda Lomax ya tarar a garin Como a 1959, shi ne ya fara fitar da wannan salo duniya ta ji. Bayansa sai R. L. Burnside (1926 zuwa 2005) da Jessie Mae Hemphill, jikar Sid Hemphill, sai kuma Kimbrough. Dandalinsu shi ne tsakar gida da daren ƙarshen mako, ko kuma 'yan gidajen rawa na ƙauye, inda manoma da leburori ke taruwa su ci, su sha, su taka har gari ya kusa wayewa. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan a zuciya: kiɗan da muke magana a kai an gina shi ne don ƙafafun masu rawa a ɗaki mai cunkoso.

3. Taƙaitaccen Tarihin Ƙungiyar

An haifi Kimbrough a Hudsonville, cikin gundumar Marshall, ran 28 ga Yuli, 1930, ya kuma rasu a Holly Springs, babban garin gundumar, ran 17 ga Janairu, 1998. Kusan duk rayuwarsa a wannan da'ira ya yi ta, kimanin mil 45 daga birnin Memfis. Tun yana yaro ya kama jita, kuma cikin abokan ƙuruciyarsa har da Charlie Feathers, Baturen da ya yi suna daga baya a wani nau'in kiɗa dabam, wanda bai taɓa ɓoye cewa a wurin Kimbrough ya koyi abubuwa da yawa ba.

Tarihin shigarsa faifai tarihi ne na jinkiri. A 1966 kamfanin Goldwax na Memfis ya ɗauki waƙoƙinsa, amma mai kamfanin ya ga kiɗan ya cika ƙauyanci, ya ajiye, ba a fitar da su ba sai a 2009. A 1967 wani ƙaramin kamfani mai suna Philwood ya fitar masa da ɗan faifai, aka ma rubuta sunansa ba daidai ba. A 1982 Farfesa David Evans na Jami'ar Memfis ya ɗauki ƙungiyar ya fitar da waƙoƙi biyu a ƙarƙashin High Water, kamfanin faifai na jami'ar. Abin da Evans ya tara daga 1982 zuwa 1988 shi aka haɗa aka fitar a 1997 da sunan Do the Rump. A tsawon waɗannan shekaru mutane sun yi ta shiga da fita a ƙungiyar, cikinsu har da Calvin Jackson mai ganguna da Little Joe Ayers.

Sai a 1990, da aka ɗauki fim ɗin Deep Blues na Robert Mugge tare da marubucin nan Robert Palmer, sannan idon duniya ya faɗa kansa. Palmer ne ya shirya faifan All Night Long don sabon kamfanin Fat Possum na garin Oxford a jihar Misisifi. Bai kai makaɗan ɗakin ɗaukar murya na zamani ba, a gidan rawar Kimbrough da ke Chulahoma ya kafa na'urorinsa. Makaɗa uku ne kurum: Kimbrough da murya da jitar lantarki, ɗansa Kinney, wanda aka rubuta a faifan da sunan Kenny Malone, a kan ganguna, da Garry Burnside, ɗan R. L. Burnside, da jita mai kaurin amo. Kimbrough na da shekara 62 lokacin da wannan cikakken faifai nasa na farko ya fito. Sad Days, Lonely Nights ya biyo baya, sannan Most Things Haven't Worked Out a 1997.

4. Zubi da Tsarin Kiɗa

Kafin mu ga abin da ƙungiyar ta yi, wajibi ne mu bayyana abin da ta bari. A buluz na littafi, kowane baiti yana da awo 12, kowane awo bugu huɗu. Baitin ɗango uku ne: a rera na farko, a maimaita shi, sannan a kawo na uku da zai amsa shi da amsa-amo. A ƙarƙashin muryar kuma akwai abin da za mu kira damin sauti, watau sautuka uku ko fiye da ake kaɗawa tare su ba da amo ɗaya. Dami uku ake amfani da su, kuma kowanne na da wurin shigarsa sananne: a fara da na gida, a fita zuwa na biyu a awo na biyar, a koma gida, a haura zuwa na uku a awo na tara, a sauko. Amfanin wannan tsari shi ne makaɗan da ba su taɓa haɗuwa ba suna iya hawa dandali ɗaya su kaɗa tare, domin kowa ya san inda za a juya. Daɗinsa kuma yana cikin fita da dawowa, kamar matafiyi da ya san zai kwana gida.

Kimbrough ba ya fita. A mafi yawan waƙoƙinsa dami ɗaya yake kamawa ya zauna a kai daga farko har ƙarshe, minti biyar, shida, bakwai. Idan ma ya leƙa wani damin, ɗan taɓawa ne ya dawo, kuma ba a wani ƙidayayyen wuri ba. Abin da ya maye gurbin baiti mai awo 12 shi ne ɗan gajeren rauji na awo ɗaya ko biyu da jita ke maimaitawa, wanda za mu kira gindin kiɗa, bisa aron kalmar da muke amfani da ita ga gindin waƙa. Kowace waƙa da nata gindin, kuma da shi ake gane ta tun kafin a buɗe baki, kamar yadda ake gane take.

Aikin hannunsa kashi biyu ne. Babban yatsa yana dukan tsirkiyar ƙasa ba fasawa, ya zama shimfiɗa. Sauran yatsu kuma suna tsinkar tsirkiyoyin tsakiya suna fitar da gindin, amma ba sa faɗawa daidai kan bugun babban yatsa, sukan riga shi da kaɗan ko su makara da kaɗan. Wannan ɗan saɓani shi ke sa kiɗan ya riƙa rangaji maimakon tafiyar soja. Ba ya amfani da wuyan kwalba wajen goga tsirkiya kamar yadda McDowell da Burnside suka yi. Tsirkiyar yake lanƙwasawa da yatsa har sautin ya tsaya a tsakanin matakai biyu, inda kayan kiɗan Turai irin su fiyano ba su da wurin taɓawa.

Dangantakar murya da jita ita ce abu na biyu. A ƙungiyar babu 'yan amshi. Jita ita ce amshi. Wani lokaci takan bi muryar sau da ƙafa, su rera rauji ɗaya tare, har mai sauraro ya kasa raba su. Wani lokaci muryar takan yanke ɗango a tsakiya jita ta ƙarasa. Saboda haka tsawon ɗango ba shi da ƙa'ida: in mawaƙin ya ga dama ya ja kalma ɗaya ta cinye awo biyu, in ya ga dama ya yi shiru gindin ya zagayo sau huɗu kafin ya sake magana.

A nan ne muhimmancin sauran makaɗan biyu ke fitowa, kuma a nan ne ya kamata a kira abin ƙungiya. Tun da babu ƙidayar da za a dogara da ita, ba yadda baƙon makaɗi, kome gwanintarsa, zai iya bin Kimbrough ta hanyar lissafi. Sai wanda ya san numfashinsa. Garry Burnside yakan ninka gindin a ƙasa, ya ba shi kauri, ba ya yawo irin na masu babbar jita a Shikago. Kinney kuwa bugunsa ya fi kusa da na gangunan bikin sarewa: yakan cika tsakanin bugu da ƙananan kaɗe-kaɗe, ya jinkirta babban duka, ya tura kiɗan gaba ba tare da ya ƙara sauri ba. Ba mamaki da aka ga makaɗan wannan yanki galibinsu 'ya'ya ne da jikoki da maƙwabta, domin irin wannan fahimta a gida ake shan ta.

Mai suka zai ce ai wannan nanata abu ɗaya ne. Amsa ita ce a saurari waƙar da aka raɗa wa faifan sunanta, a riƙa lura da gindin kaɗai. Za a tarar da wuya ya dawo sau biyu a jere da kama ɗaya: nan an ƙara masa sauti guda, can an danne wani, gaba an matsar da nauyin bugu daga wuri zuwa wuri. Canjin ƙanƙane ne, kuma da gangan aka ƙanƙanta shi, domin mai rawa na bukatar ƙasa tabbatacciya a ƙarƙashin ƙafarsa, kunnensa kuma na bukatar abin da zai hana shi gundura. Cika waɗannan bukatu biyu a lokaci ɗaya shi ne gwanintar ƙungiyar.

5. Jigo da Sarrafa Harshe

Idan aka rubuta kalmomin wata waƙar Kimbrough a takarda, sau da yawa ba za su cika rabin shafi ba, kuma rabin abin da aka rubuta maimaici ne. Amsa-amo ba ya damunsa. Siffantawa da kamantawa irin waɗanda suka sa ake karanta waƙoƙin Robert Johnson na Delta kamar rubutacciyar waƙa ba su da yawa a wurinsa. Jigoginsa kuma 'yan kaɗan ne: sha'awa, roƙon mace ta zo ko ta tsaya, kaɗaici, tsufa. Duk wanda ya tsaya a nan zai ce mawaƙin matalauci ne a harshe, kuma ta fuskar takarda bai yi ƙarya ba.

Sai dai kalma a wurinsa ba ita ke ɗauke da ma'ana ita kaɗai ba. Ɗauki waƙar Meet Me in the City. Abin da ke cikinta bai wuce roƙon mace ta sadu da shi a gari ba. Amma roƙon da aka yi sau ɗaya dabam yake da wanda aka yi sau goma, kowanne da ɗan sauyin murya, wani da ƙarfi, wani kamar raɗa, wani an ja shi har numfashi ya ƙare. Da tafiya ta yi nisa mai sauraro zai fahimci cewa wadda ake kira ba lalle ta zo ba, alhali babu kalma ɗaya da ta faɗi haka. Zaman kiɗan a kan dami ɗaya shi ya isar da wannan ma'ana, domin jira ne aka mayar sauti: babu fita, babu dawowa, babu warwarewa.

Haka kuma Done Got Old, inda dattijo ke lissafa abubuwan da jikinsa ya daina iyawa. Buddy Guy, babban makaɗin Shikago, ya sake rera ta a farkon faifansa Sweet Tea na 2001, shi kaɗai da jita marar lantarki, a hankali, cikin muryar mai jinya. Kwatanta biyun na da amfani. A wurin Guy waƙar kuka ce tsantsa. A wurin Kimbrough kuwa ganguna na tafe, ana iya taka rawa da ita, saboda haka tsufan da ake kuka da shi ana yi masa dariya a lokaci guda, a gaban jama'ar da suka san mai waƙar tun yana saurayi. Kalmomi ɗaya, ma'ana biyu, kuma bambancin daga kiɗa ya zo.

Wajibi ne kuma mu faɗi inda muke da ja. Waƙar You Better Run, wadda ke ɗaukar wajen minti bakwai, labari ne na mace da ke gudun wani mai wuƙa da ke nufin yi mata fyaɗe, mai ba da labarin ya ɗauke ta a motarsa, daga nan labarin ya juya ya ƙare da ita a hannun shi mai ceton. Ta fuskar kiɗa tana cikin mafi ƙarfin abin da ƙungiyar ta yi, domin gindinta na da ban tsoro kuma ba ya sassautawa. Amma waƙar ta mayar da firgicin mace wata hanya ta yabon kai ga namiji, kuma wannan ƙarfin kiɗa da muke yabo shi ne ke sa mai sauraro ya wuce wurin bai tsaya ya yi tambaya ba. Wasu masu sharhi sun lulluɓe wannan da cewa haka rayuwar yankin take. Wannan ba uzuri ba ne. Idan mun yarda cewa kiɗa na ƙara wa kalma ma'ana, dole mu yarda cewa yana iya sa mummunar magana ta shige da sauƙi.

6. Batun Dangantaka da Afirka

Bahaushen da ya saurari wannan faifai zai ji wani abu da ya sani. Tsirkiya mai shimfiɗa a ƙasa, gajeren rauji mai zagayowa, matakan murya biyar, kayan kiɗa da ke bin murya ko ya amsa mata: duk waɗannan akwai su a gurmin Haruna Uji, da kukumar Ibrahim Na Habu, da kuntigin Ɗan Maraya Jos. Wannan kama ba mafarki ba ce, masana sun yi magana a kanta. Paul Oliver, a littafinsa Savannah Syncopators na 1970, ya kawo ra'ayin cewa a ƙasashen sarari na Afirka ta Yamma, inda kayan tsirkiya suka yawaita, ya kamata a nemi tushen buluz, maimakon ƙasashen kurmi na bakin teku masu manyan ganguna. Daga cikin dalilan da ake kawowa akwai hana bayi kaɗa ganga a wasu sassan Amurka, kamar dokar Karolina ta Kudu ta 1740, abin da ya ba masu tsirkiya damar wanzuwa. Gerhard Kubik ya faɗaɗa wannan a Africa and the Blues na 1999, har ya jera kiɗan wani mai goge Bahaushe da ya ɗauka a ƙasar Kamaru a 1964 kusa da wani faifan Big Joe Williams na 1935 don a ji kamarsu.

Duk da haka akwai abubuwa uku da ya kamata su sa ɗalibi ya yi taka-tsantsan kafin ya rubuta cewa buluz kiɗan Hausa ne da ya ƙetare teku. Na farko, Amurka ta haramta shigo da bayi daga 1808, buluz kuwa bai bayyana a rubuce ko a faifai ba sai a farkon ƙarni na 20. Tsakani akwai kimanin shekara 100 da zuriya huɗu, waɗanda a cikinsu aka gauraya da waƙoƙin coci, da waƙoƙin aiki, da kiɗan Turawan ƙauye. Kiɗan sarewa da ganguna kansa yana da jijiya a kiɗan sojan Turawa. Na biyu, yawancin Hausawan da aka ƙetarar da su teku an kwashe su ne a zamanin yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan 1804, lokacin da ƙofar Amurka ke rufuwa, saboda haka Bahiya ta ƙasar Barazil aka fi kai su, inda tarihi ya adana tawayensu tun daga 1807. Siffofin da muka lissafa kuwa ba na Hausa kaɗai ba ne, ana samun su tun daga Senegal da Mali har tafkin Cadi. Na uku, kama na iya zuwa ta hanyar dawowa. Ali Farka Ture na Mali, wanda ake yawan kafa hujja da shi, ya saurari faya-fayen John Lee Hooker tun a ƙarshen shekarun 1960, kuma ko da yake shi kansa ya dage cewa kiɗan nasu ne tun asali, mai nazari ba zai iya kawar da kai daga wannan haɗuwa ba.

Abin da hujja za ta ɗauka shi ne cewa akwai wata hanyar gina kiɗa, ta zagaye da shimfiɗa, wadda mutanen sararin Afirka ta Yamma suka tafi da ita, kuma ta sami wurin fakewa a tudun Misisifi fiye da sauran wurare. Abin da aka gina da ita a can, na mutanen can ne. Kimbrough da kansa da gonar auduga yake danganta kiɗansa. Cire shi daga Chulahoma a maƙala shi a Katsina ko Timbuktu wani nau'i ne na ƙwace, ko da da kyakkyawar niyya aka yi shi.

7. Faifai da Dandali

Saura tambaya ɗaya: shin abin da muke ji a faifai shi ne kiɗan? Palmer ya yi dabara da ya ɗauki makaɗan a ɗakin da suka saba, shi ya sa All Night Long ke da amon bango da rufi, ana jin ganguna na cika wuri. Amma faifai na da iyaka. Waƙar da a daren Lahadi za ta ci gaba muddin masu rawa ba su gaji ba, a faifai dole a tsayar da ita. Jama'ar da mawaƙin ke kallo yana ƙara ɗango ko ragewa saboda su, ba sa nan. Wanda ya saurari faifan a zaune, daga waƙa ta farko zuwa ta goma, zai iya jin sun fara kama da juna, domin saurinsu kusan ɗaya ne kuma yanayinsu bai cika bambanta ba. Wannan rauni ne na gaske a faifan, ko da yake ba rauni ba ne a gidan rawa.

Sannan akwai yadda aka tallata makaɗan ga matasan Turawa masu son kiɗan rok. Rubuce-rubucen jaridu sun fi son maimaita cewa Kimbrough ya haifi 'ya'ya 36, da zancen barasa da talauci, fiye da bayanin abin da yatsunsa ke yi. Aka mayar da ƙwararren makaɗi, wanda ya yi shekaru fiye da 40 yana tace salonsa, tamkar wani abin daji da aka tsinta. Gidan rawar Chulahoma, wanda iyalinsa suka ci gaba da buɗewa bayan rasuwarsa, ya ƙone a Afrilu 2000. Tun daga nan salon ya bazu: an yi faifan tunawa da shi mai suna Sunday Nights a 2005, ƙungiyar Black Keys ta fitar da Chulahoma a 2006, kuma Cedric Burnside, ɗan Calvin Jackson kuma jikan R. L. Burnside, ya ci kyautar Grammy a 2022. Masu kwaikwayo daga waje sukan kama gindin su ƙara masa ƙara da nauyi, amma rangajin nan da ke tsakanin babban yatsa da ganga shi ya fi kuɓuce musu.

8. Kammalawa

Mun ga cewa ƙungiyar Soul Blues Boys ta ajiye baiti mai awo 12 da sauyin dami, ta gina kiɗanta a kan gindi ɗaya mai zagayowa, wanda makaɗa uku da suka san juna ke riƙewa suna yi masa ƙananan canje-canje. Mun ga kuma cewa a irin wannan gini kalmomi kaɗan ne, kuma ma'anarsu ba ta cika sai da murya da kiɗa da masu rawa, ko ta wajen alheri ko ta wajen abin ƙi. Darasin da ke ciki ga ɗalibanmu shi ne, kundin da ya rubuta waƙar Mamman Shata ɗa bayan ɗa, ya fitar da jigo da salon sarrafa harshe, amma bai ce kome ba game da abin da kalangai da 'yan amshi ke yi a lokacin da Shata ya yi shiru, ya yi irin kuskuren da mai kamfanin nan na Memfis ya yi a 1966. Muna da kalmomin gindi da ɗiya da rauji da amshi da take. Abin da ya rage shi ne mu yi aiki da su a kan sauti kamar yadda muke yi a kan rubutu, kuma mu riƙa zuwa dandali da kunnuwanmu kafin mu zauna da alƙalami.